Alamar Digiri da Alamar Ɗebewa: Rikicewar Haruffa a Manhajojin Usenet da Rahoton Yanayi na Ƙarshen Kaka a Birtaniya

Tsakure

Takardar nan ta duba rahotannin yanayi na kullum da masu sa-kai a Birtaniya suka riƙa aika wa juna ta Usenet. Ta tsaya a kan ƙarshen kaka, wato watan Nuwamba, ta kuma bi diddigin abin da ke samun alamomin awo idan manhajar mai aikawa da ta mai karɓa suka saɓa a kan lambobin haruffa. Hujjar takardar ita ce, ɓarnar da ke cika allo da tarkacen baƙaƙe mai sauƙi ce, domin tana tona kanta. Mai haɗarin ita ce wadda ke barin adadi tsaf kamar ba abin da ya same shi, alhali ta sauya ma'anarsa, kuma a Nuwamba ne irin wannan ɓarna ta fi samun wurin ɓuya. A ƙarshe takardar ta taɓo yadda matsalar ta shafi baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa a saƙonnin yanayi.

Gabatarwa



Masana kwamfuta sukan ɗauki rikicewar haruffa a matsayin tsohon zance da aka gama da shi tun da UTF-8 ya mamaye intanet. Masana yanayi kuma sukan ɗauke ta a matsayin matsalar kwalliya, wadda ba ta taɓa adadi. Ina ganin duka ɓangarorin biyu sun yi saurin yanke hukunci. Rahoton awo ba lambobi kaɗai ba ne. Kowane adadi yana tafe da alamomin da ke faɗin abin da yake nufi: ko yana sama da sifili ko ƙasa, ko digiri ne ko mita, ko cikakke ne ko da ɓari a jikinsa. Waɗannan alamomin ne suka fi rauni idan saƙo ya ratsa daga na'ura zuwa na'ura. Rahotannin da aka rubuta daga shekarun 1990 zuwa farkon wannan ƙarni suna nan a ajiye da raunukansu, kuma duk mai son amfani da su sai ya san irin raunin da yake kallo.

Usenet hanya ce ta rarraba saƙonni tsakanin kwamfutoci wadda Tom Truscott da Jim Ellis suka ƙirƙiro a Jami'ar Duke ta Amurka a 1979. Ba ta da cibiya ɗaya. Kowace uwar na'ura tana miƙa wa maƙwabciyarta abin da ta karɓa, kowane mai karatu kuma yana amfani da manhajar da ya ga dama: rn da Larry Wall ya rubuta a 1984, ko trn, ko tin, ko slrn, ko Forté Agent, ko Turnpike da ta yi farin jini a Birtaniya, ko Outlook Express, ko Thunderbird daga baya. Saƙo ɗaya yakan faɗa hannun manhajoji iri-iri, kowace da nata zaton game da haruffan da ke cikinsa.

Mai awo da aikinsa a Nuwamba

Awon yanayi na sa-kai tsohuwar al'ada ce a Birtaniya. A 1860 George James Symons ya fara tattara awon ruwan sama daga hannun limaman coci da likitoci da masu lambu, har abin ya zama ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya. Jerin awon zafi na tsakiyar Ingila da Gordon Manley ya haɗa, wanda ya faro daga 1659, mafi yawan tushensa na farko littattafan mutane ne da suka riƙa rubuta abin da ma'auninsu ya nuna ba tare da an biya su ba. A 1970 aka kafa Climatological Observers Link, ƙungiyar da ke haɗa masu awo na bayan gida. Da intanet ta shigo gidaje, sai wasu daga cikin irin waɗannan mutane suka fara aika rahotonsu kowace safiya.

Aikin yana da ƙa'ida. Ana karanta ma'aunai da ƙarfe 9 na safe agogon GMT. Ma'aunin zafi yana cikin farin akwati mai tagogin iska, irin wanda Thomas Stevenson ya ƙera a 1864, a tsayin mita 1.25 daga ƙasa. Akwai wani ma'aunin da ake kwantarwa a kan tsinin ciyawa don ya kama mafi ƙarancin zafin daren a dab da ƙasa. Ma'aunin ruwan sama yana da baki mai faɗin milimita 127, kuma bakin yana santimita 30 sama da ƙasa. Mafi yawan zafin da aka karanta da safe, da ruwan da aka tarar a ma'auni, ana rubuta su a ranar jiya, shi kuwa mafi ƙarancin zafi ana rubuta shi a ranar da aka karanta. Idan nisan gani bai kai mita 1000 ba, a rubuta hazo. Idan ruwa ya kai milimita 0.2, ranar ta shiga lissafin kwanakin ruwa.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan takarda shi ne ma'anar daskarewa. Idan ma'aunin cikin akwati ya sauka ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, an sami daskarewar iska. Idan na kan ciyawa ne kaɗai ya sauka, daskarewar ƙasa ce. Ƙidayar waɗannan kwanaki, da ranar da daskarewar farko ta zo, suna cikin abubuwan da manoma da masu lambu da masu yayyafa gishiri a tituna da masu nazarin sauyin yanayi suka fi nema. Bambancin da ke tsakanin dare mai daskarewa da wanda ba shi da ita, a rubuce, alama ɗaya ce tak a gaban adadi.

A lissafin masana yanayi, kakar Turai tana farawa ran 1 ga Satumba ta ƙare ran 30 ga Nuwamba. Matsakaicin zafin Nuwamba a tsakiyar Ingila bai wuce kimanin digiri 7 ba, dare ya yi tsawo, rana tana faɗuwa a Landan wajen ƙarfe huɗu a ƙarshen wata. Daren da gajimare ya rufe sama yakan tsaya a digiri shida ko takwas, washegari sama ta washe, iska ta kwanta, ma'auni ya gangara ƙasa da sifili. Faɗin abin da watan ke iya kawowa yana da ban mamaki: an auna digiri 22.4 a Trawsgoed ta Wales ran 1 ga Nuwamba 2015, an auna 18.0 ƙasa da sifili a Llysdinam, ita ma a Wales, ran 28 ga Nuwamba 2010, an kuma auna 23.3 ƙasa da sifili a Braemar ta Sikotilan ran 14 ga Nuwamba 1919. A Yuli, idan alamar ɗebewa ta ɓace, asarar kaɗan ce, domin da ma da wuya a gan ta. A Nuwamba kuwa, 2.4 da -2.4 duka biyun adadi ne da mai karatu zai karɓa ba tare da ya yi jim ba.

Lamba ɗaya, ma'ana da yawa

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa, sai wani jadawali ya faɗa mata wane harafi ne wannan lamba take wakilta. Jadawalin ASCII, da ya fito a Amurka a 1963, yana amfani da bit bakwai, wato gurabe 128. Ya ɗauki baƙaƙen Ingilishi da lambobi da 'yan alamomi, amma babu alamar digiri a cikinsa, babu rabi, babu rubu'i, babu ma alamar fam ta kuɗin Birtaniya. Da yake bayit ɗaya bit takwas ne, akwai wasu gurabe 128 da suka rage, kuma kowane kamfani ya cike su yadda ya so.

Bari mu bi alamar digiri mu ga inda aka zaunar da ita. A jadawali na 437, wanda kwamfutar IBM ta 1981 ta zo da shi, tana gurbi na 248. A jadawalin Mac Roman na kamfanin Apple tana 161. A ISO 8859-1, wanda aka fitar a 1987 don harsunan Yammacin Turai, tana 176, haka nan a Windows-1252. Saboda haka idan mai tsohuwar kwamfuta ya rubuta 5°C, mai karantawa da jadawalin ISO zai ga 5øC. Idan daga Mac ta fito ba a sauya ta ba, zai ga 5¡C. Idan kuma mai Windows ne ya aika, mai Mac ya karanta da nasa jadawalin, lamba 176 za ta fito masa a matsayin ∞. Kamar mudu ne da girmansa ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa: idan ba a faɗi na wace kasuwa ake nufi ba, cewa mudu biyar bai gama magana ba.

Faɗin wannan shi ne aikin MIME, tsarin da Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fitar a 1992 don imel. Ya tanadi layi a kan saƙo da ke bayyana jadawalin da aka yi amfani da shi, ya kuma ce idan ba a ga layin ba, a ɗauka ASCII ne. Ya kawo wata hanyar rufa haruffan da suka haura 127 ta amfani da alamar daidai da baƙaƙe biyu, shi ya sa manhajar da ba ta san tsarin ba take nuna 5=B0C. Amma ƙa'idar da ke mulkin saƙonnin Usenet a lokacin ita ce RFC 1036 ta 1987, wadda ta girmi MIME kuma ba ta san da zamansa ba. Sai a Nuwamba 2009, da RFC 5536, aka shigar da MIME cikin ƙa'idar Usenet a hukumance. Shekaru goma sha bakwai ke nan kowane marubucin manhaja yana bin ra'ayinsa. Wata manhajar tana sa layin, wata ba ta sawa, wata tana sa sunan ISO 8859-1 a kan rubutun da a gaskiya Windows-1252 ne.

UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a Satumba 1992, ya zo da magani na gaskiya, domin yana iya ɗaukar dukan haruffan Unicode kuma ya bar gurabe 128 na ASCII a inda suke. Sai dai yana rubuta alamar digiri da bayit biyu, 194 da 176. Manhajar da ke zaton harafi ɗaya bayit ɗaya ne za ta karanta 194 a matsayin Â, sai ta nuna 5Â°C. Idan mai wannan manhaja ya ba da amsa yana ɗauko maganar abokinsa, aka sake mayar da rubutun UTF-8, sai ya zama 5Ã‚Â°C, kuma yana ƙara tsawo da kowace amsa. A ɗaya gefen, manhajar da ke zaton UTF-8 idan ta ci karo da 176 shi kaɗai, ba ta san abin da za ta yi da shi ba, sai ta sa alamar � a wurin.

Ɓarna mai tona kanta da ɓarna mai ɓuya

Duk misalan da na kawo zuwa yanzu munana ne a ido, amma ba su cutar da adadi ba. Wanda ya ga 5Â°C ya san biyar ake nufi, kuma ana iya mayar da rubutun yadda yake ta hanyar juya matakan da suka ɓata shi, domin ba bayit ɗin da ya salwanta. Alamar � ta fi muni idan an riga an ajiye ta a haka, domin ainihin lambar ta tafi, amma ko ita tana nuna wurin da aka yi rashi. Mai nazari zai tsaya, ya duba, ya gane.

Akwai ɓarnar da ba ta barin sawu. Wasu tsofaffin hanyoyi, musamman mashigan da ke tsakanin imel da Usenet da wasu na'urorin nuni, an gina su a kan cewa bit bakwai ne kaɗai ke da ma'ana, don haka suna share na takwas. Share bit na takwas daidai yake da ɗebe 128 daga lambar. Alamar digiri tana 176. A ɗebe 128, saura 48. Gurbi na 48 a ASCII kuwa shi ne sifili. Ke nan 5° ya koma 50, ba tare da wani baƙon harafi da zai ja hankali ba.

Wani zai ce ai ba wanda zai yarda da digiri 50 a Ingila a Nuwamba. Haka ne idan harafin C yana biye. Amma mutane da yawa ba sa rubuta shi, kuma Birtaniya ƙasa ce da ta daɗe tana tafiya da ma'aunai biyu. Hukumar yanayi ta koma Salshiyas tun farkon shekarun 1960, amma Faranhait ya zauna a bakin dattawa da kanun jaridu shekaru masu yawa bayan haka. Digiri 50 a Faranhait daidai yake da 10 a Salshiyas, zafin rana na yau da kullum a Nuwamba. Mai tattara bayanai da ya ga "50" zai iya cewa wannan dattijo ne mai tsohon ma'auni, ya juya masa adadin, ya rubuta 10 a inda mai awo ya ga 5. Idan kuma 3° ne ya zama 30, juyawa za ta ba da 1.1 ƙasa da sifili, a shigar da daskarewa a daren da ba a yi ta ba. Adadin da ke tsakanin 3 da 6, wanda ya cika rahotannin Nuwamba, shi ne idan aka liƙa masa sifili yake faɗawa daidai tsakiyar abin da ake sa ran gani a Faranhait a wannan watan. Wanda ya rubuta adadinsa da ɗigo ya tsira, domin 5.2° idan ya zama 5.20 bai sauya ba. Alkiblar iska ma ta tsira ta wata hanyar, domin 270° idan ya zama 2700 kowa ya san akwai kuskure.

Ɓarin lamba ma yana da nasa rabon. Masu auna kaurin dusar ƙanƙara da inci sukan rubuta ¼ da ½ da ¾, waɗanda ke gurabe na 188 da 189 da 190. A ɗebe 128 daga kowanne, a sami alamun < da = da >. Wanda ya rubuta "½ inci" sai a ga "= inci". Wanda ya rubuta "¾ inci" sai a ga alamar da ke nufin fiye da, mai karatu ya fahimci an wuce inci ɗaya.

Alamar ɗebewa ce ta fi damuna. A ASCII akwai gajeren layi ɗaya a gurbi na 45, wanda ake amfani da shi wajen haɗa kalma da kuma ɗebewa, kuma shi ba abin da ke taɓa shi. Matsalar tana zuwa ne idan mai awo ya rubuta rahotonsa a manhajar tsara rubutu wadda ke musanya gajeren layi da matsakaici don kyau, ko ya kwafo adadi daga shafin da aka tsara da ainihin alamar lissafi. Matsakaicin layi yana gurbi na 150 a Windows-1252. A ISO 8859-1 wannan gurbi ba harafi ba ne, umarni ne ga na'ura, ba shi da siffar da za a nuna. Idan aka yi wa saƙon laƙabin ISO alhali na Windows ne, wata manhajar za ta nuna ɗan akwati, wata alamar tambaya, wata kuma ba za ta nuna komai ba. Idan an share bit na takwas, 150 ya koma 22, shi ma umarni ne marar siffa. Ita kuma ainihin alamar ɗebewa ta Unicode babu ita sam a jadawalan biyu, don haka duk manhajar da za ta mayar da rubutu zuwa ɗayansu dole ta zaɓi abin da za ta yi: ta sa gajeren layi, ta sa alamar tambaya, ko ta yar da ita. Idan ta yar, dare mai daskarewa ya fita daga ƙidaya.

Ɓacewar alamar ɗebewa gefe ɗaya take turawa: kullum tana mayar da sanyi ɗumi, ba ta taɓa yin akasin haka. Kuskuren da ke faɗawa dama da hagu yakan kashe kansa idan aka ɗauki matsakaici, wanda ke faɗawa gefe ɗaya kuwa taruwa yake yi. Kuma yana bin mutum, domin ya danganta da manhajar da mutumin yake amfani da ita. Duk rahotannin mai awo ɗaya za su iya kamuwa na tsawon shekarun da ya yi da wata manhaja, su warke ranar da ya sauya ta. Mai nazarin da bai san wannan ba zai ga kwanakin daskarewa sun ƙaru a wannan tasha, ya nemi dalili a sararin samaniya.

Yadda ƙwararru suka kauce

Hukumomin yanayi ba su faɗa wannan rami ba, domin tsarinsu ya girma ne a zamanin wayar tangaraho, inda jadawalin haruffa bit biyar ne kawai. A rahoton METAR na filayen jiragen sama, ana sa harafin M a gaban adadin da ke ƙasa da sifili, don haka M02 yana nufin biyu ƙasa da sifili. A rahoton SYNOP lamba ce ke ɗauke da alamar: 10024 yana nufin 2.4 sama da sifili, 11024 kuma 2.4 ƙasa da shi. Babu alamar digiri, babu layi, babu ɓarin lamba. Matsayin adadi a cikin jeri shi ke faɗin abin da yake.

Mai sa-kai ba ya rubutu haka, kuma bai kamata a ce ya yi ba. Yana rubuta wa mutane ne, yana faɗin cewa hazo bai tashi daga kwari ba sai azahar, ko ganyen wace bishiya ya gama zuba, ko ruwan kwatami ya daskare. Waɗannan bayanai ba su da gurbi a SYNOP, kuma su ne ke sa rahotonsa ya yi daraja. Tashoshin hukuma ba za su iya kasancewa a kowane lungu ba. Kwarin Rickmansworth, kusa da Landan, ya yi suna wajen tsananin sanyin dare ne saboda awon da E. L. Hawke ya yi a can a shekarun 1930.

Gyara da adanawa

A Maris 2020, Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya jagoranci aikin Rainfall Rescue, inda masu sa-kai fiye da 16,000 suka kwafe awon ruwan sama fiye da miliyan biyar daga takardu kimanin 66,000 da aka rubuta da hannu. An iya karanta rubutun mutanen zamanin Symons bayan shekara ɗari da hamsin. Ba na son a wayi gari rahoton 1998 ya fi na 1868 wuyar amincewa. Deja News ta fara taskace saƙonnin Usenet a 1995, Google ta saye taskar a 2001, ta kuma daina karɓar sababbin saƙonni ran 22 ga Fabrairu 2024. Abin da mai bincike ke gani a irin wannan taska sau da yawa ba ainihin bayit ɗin ba ne, fassararsu ce da wata manhaja ta yi.

Saboda haka matakin farko shi ne a ajiye saƙo ɗanye, bayit da bayit, tare da layukan kansa, kowane gyara kuma a yi shi a kan kwafi. Layukan kai suna faɗin jadawalin da aka yi iƙirari, sau da yawa kuma suna faɗin manhajar da ta aika, wanda ke ba da damar hasashen irin raunin da za a tarar. UTF-8 yana da tsari mai tsauri da ke sa a iya gane shi ta gwaji, don haka a fara gwada shi, idan bai yi ba a koma Windows-1252 ko da laƙabin ya ce ISO 8859-1. Manhajojin shiga intanet na yau haka suke yi da wannan laƙabi.

Ɓarna mai ɓuya kuwa ba a gano ta da duban haruffa, sai da sanin yanayi. A daren da sama ta washe, ma'aunin ciyawa yana sauka ƙasa da na akwati, sau da yawa da digiri uku ko fiye. Rahoton da ya ce akwati 1.8, ciyawa 5.0, alhali mai awo yana maganar farin sanyi a kan rufin mota, ya rasa alama ɗaya ko biyu. Mafi ƙarancin zafi ba zai wuce zafin ƙarfe 9 da aka karanta a ƙarshen lokacin awon ba. Maƙwabtan tashoshi ma shaida ne. Wannan aiki yana bukatar mai sanin jadawalan haruffa da mai sanin yanayi su zauna tebur ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Ga mai rubuta rahoto a yau, shawarata ita ce ya rubuta -2.4C da gajeren layin allon rubutu, ya sa harafin ma'auni kullum, ya yi amfani da ɗigo maimakon ɓarin lamba, ya kuma faɗi daskarewa da kalma idan an yi ta.

Inda abin ya shafe mu

Ma'auni a Kano ko Damagaram ba ya sauka ƙasa da sifili a Nuwamba, don haka alamar ɗebewa ba damuwarmu ba ce. Damuwarmu ta fi ta Bature zurfi ta wata fuskar. Shi zai iya barin alamar digiri ya rubuta C, bai rasa komai ba. Mu baƙaƙenmu ne da kansu ba su cikin ASCII, ba su cikin ISO 8859-1, ba su cikin Windows-1252. Harafin ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, 198 da 153, wanda manhajar da ta yi kuskuren jadawali za ta nuna a matsayin Æ™. Harafin ɗ yana fitowa É—, ɓ kuma É“. Kalmomin da rahoton hunturu ba zai yi ba sai da su, irin su ƙura da raɓa da ɗari da ƙanƙara, duk suna ɗauke da waɗannan baƙaƙe. Marubucin da ya gaji ya zubar da lanƙwasar ya yi irin ɓarnar nan mai ɓuya da hannunsa: rubutu ya fito tsaf, amma mai binciken taska da ya nemi "ƙura" ba zai ga rahotannin da aka rubuta ba lanƙwasa ba.

Wurin da wannan ya fi tsanani yanzu shi ne gajeren saƙon waya, hanyar da ake bi wajen isar da hasashen yanayi ga manoma da makiyaya. Jadawalin GSM na bit bakwai yana ba da haruffa 160 a saƙo ɗaya, amma babu alamar digiri a cikinsa, babu kuma ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ ta rubutun Nijar. Harafi ɗaya daga cikinsu ya isa ya tilasta wa saƙon komawa tsarin UCS-2, inda iyakar ta zama 70. Mai biyan kuɗin aika saƙo ga dubban manoma yana ganin bambancin a aljihunsa, shi ya sa lanƙwasa ce ke fara tafiya. Ƙa'idar 3GPP da ke kula da wannan jadawali ta tanadi ƙarin jadawalai na musamman ga Turkanci da Sifaniyanci da Fotugisanci da harsuna goma na yankin Indiya, ciki har da Hindi da Urdu, don su ci gaba da amfani da bit bakwai. Babu harshen Afirka ko ɗaya a jerin. Baƙaƙen da Hausa ke bukata takwas ne, manya da ƙanana, Fulfulde ma tana amfani da ɓ da ɗ da ƴ, kuma neman a buɗe musu jadawali aiki ne da hukumomin sadarwa na Nijeriya da Nijar za su iya gabatarwa tare, idan masana harshe suka rubuta musu jerin baƙaƙen da dalilin bukatarsu.